Filin Tambaya da Amsa: Asibitin unguwa zai daina kwana a buɗe, ina za mu nufa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon yawancin saƙonnin da suka shigo min kan magana ɗaya suka tsaya, wato asibiti cikin dare, shi ya sa na haɗa su wuri guda, masu tambayar hawan jini da ciwon suga a yi min haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Kamar kullum ba na saka sunan mai tambaya, ba na kuma saka sunan asibitin da ake ƙorafi a kai.

TAMBAYA: Salamu alaikum Hajiya Sista, ya aiki ya ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne a Agege kuma ina cikin dattawan layinmu. Akwai wani ɗan asibitin kuɗi kusa da mu, tun yaranmu na ƙanana nan muke zuwa, ko ƙarfe biyun dare ka buga get za a buɗe maka, jikokina da dama nan aka haife su. To kwatsam sai muka ga an manna takarda wai daga ƙarshen wata za su riƙa rufewa ƙarfe goma na dare sai bakwai na safe, ban da waɗanda aka riga aka kwantar. Mun je mun sami mai asibitin yace likitocinsa biyu sun ajiye aiki, kuɗin wuta da na dizal kuma sun fi ƙarfinsa. Matasanmu sun ce a kai shi ƙara ko a yi masa zanga-zanga tunda doka ta hana. Da gaske ne doka ta hana? In kuma ya rufe ina za mu nufa da mai naƙuda cikin dare?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara girma. Da farko dan Allah ku lallashi matasan nan, zanga-zanga a ƙofar mutumin ba za ta dawo masa da likita ko ɗaya ba, sai dai ta sa ya rufe har da rana.

Dokar da suke faɗa akwai ta, ba ƙarya suka yi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta ce babu asibiti ko ma'aikacin lafiyar da zai ƙi duba wanda aka kawo a halin gaggawa ko da wane irin dalili, wanda ya saɓa kuwa tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko a haɗa masa duka biyun. Sai dai wannan magana ce ta wanda aka kawo rai a hannun Allah ma'aikaci yana tsaye ya juya masa baya. Dokar ba ta ajiye wa mai asibitin likitan da zai kwana ba, ba ta kuma zuba masa mai a janareta ba.

Bari in nuna muku abin da ke bayan kalmar nan ta awa 24 da ake rubutawa a allo. Sati ɗaya awa 168 ne. In ana so likita ya yi aiki hankalinsa a jikinsa, awa arba'in da wani abu yake yi a sati, kenan kujera ɗaya tal ta likita sai an samu mutum huɗu kafin a ce ba ta taɓa zama babu kowa, ba a ma yi zancen hutu ko shi ma likitan ya kwanta ciwo ba. Haka lissafin yake ga nas, ga ungozoma, ga mai gwajin jini, ga mai ba da magani. To asibitin da likitoci biyu suka fita lokaci guda, waɗanda suka rage sai dai su wuni su kwana su sake wuni, kuma wallahi likitan da bai yi barci ba ba wanda zai so ya lissafa wa jaririnsa allura. Sannan ga wuta. Na yi aikin dare na ga yadda abin yake, NEPA ta ɗauke, injin oksijin ya yi ƙara ya tsaya, yaro na jan numfashi da ƙyar haƙarƙarinsa na lotsawa, nas ta kama fitilar waya da haƙori tana laluben jijiya a bayan hannunsa, maigadi yana can yana fama da janareta. Jini da allurar tsaida jinin haihuwa da ake ajiyewa a firji su ma ba sa jure zafi. Kuma kun san a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wa wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kan kowane yunit, litar dizal ita ma ta haura naira 1,000, ga dare ba kasafai yake kawo kuɗi ba, wani daren mutum biyu ne za su zo, ɗaya ma bashi zai ci.

Maganar likitoci kuwa ba a kan mai asibitinku kaɗai ta faɗa ba. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun da suka gabata, waɗanda suka rage wajen 55,000 ne ga mutum sama da miliyan 200. A ƙarshen 2023 'yan kwamitin lafiya na majalisar wakilai da suka kai ziyara LUTH a Idi-Araba sun fito sun ce an rufe ɗakunan kwanciya biyar masu gado wajen 150 saboda babu ma'aikata. In babban asibitin koyarwa na tarayya wanda yake tsaye tun 1962 ya kasa riƙe mutanensa daga Ingila da Saudiyya da Kanada, ina ga ɗan asibitin layi.

Yanzu ga ra'ayina, kuma na san wasu ba zai musu daɗi ba. Ni na fi ganin mutuncin wanda ya manna takarda ya faɗi gaskiya a kan wanda ya bar allo yana cewa awa 24 alhali in ka shiga yarinya ɗaya ce mai koyon aiki a ciki tana ta kiran wayar likita ba a ɗauka. Irin wannan ƙofar ita ce ke cinye rai, saboda za a zauna ana jira ana ganin ai an zo asibiti, minti talatin ta wuce, awa ta wuce, sai abu ya lalace a ce ku tafi gaba. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu in ba a tsaida shi ba, kun ga in awa ɗaya ta tafi a wurin da ba jini ba tiyata, me ya rage.

Amma fa rufewa ruf ba shi ne kaɗai zaɓi ba, kuma nan ne nake so dattawa ku sa ƙarfinku. Ku koma wajensa cikin mutunci ku ce ya bar ƙwararriyar nas ko ungozoma guda da dare, ba 'yar koyo ba, da likitan da ya amince a kira shi a waya, aikinsu shi ne taimakon farko kawai: a saka ruwa, a danne jini, a ba da oksijin, a yi wa mai jijjiga allura, a rubuta takardar turawa, a kira asibitin gaba a ce ga mara lafiya nan tafe. In akwai wasu ƙananan asibitoci biyu ko uku a yankin, ba abin kunya ba ne su raba dare a tsakaninsu, wannan ya ɗauki wasu ranaku wancan ya ɗauki wasu, a manna jadawalin a masallaci da bakin kasuwa. In kuɗin albashin nas ɗin dare ne matsalar, ƙungiyoyinmu na kasuwa da ke tara kuɗin kai gawa gida arewa za su iya ware wani abu a wata domin wannan, ban ga inda ya fi shi lada ba.

Don a gaskiya inda abin ya dosa kenan ko muna so ko ba ma so. Manyan wurare kaɗan ne za su iya riƙe cikakken imajensi dare da rana, da tiyata da jini da mai sa barci, ƙanana kuma su zama zangon farko. Tsarin ba shi da laifi in hanyar da ke tsakani tana aiki, a nan Legas kuwa hanyar ce ke ba ni tsoro. Da dare gosulo ya ragu amma mota ta yi wuya, layuka da yawa an kulle get, ga acaɓa an hana shi tun Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida ciki har da Ikeja inda LASUTH, asibitin koyarwa na jiha, yake, a Satumba aka ƙara huɗu har da Mushin da Kosofe. Umarnin gwamnatin jiha shi ne get ɗin layi daga sha biyun dare zuwa biyar na asuba kaɗai za a rufe shi, kuma dole a bar mai gadi a wurin da zai buɗe, to ku bincika naku, kar a zo ana neman mai makulli yana gida yana barci.

Ku na Agege kuna da Janar, wato babban asibitin gwamnati, na Orile-Agege da na Ifako-Ijaiye, abin da ya fi ƙarfinsu kuma LASUTH, can ne Ayinke House na masu haihuwa yake. Ba a fafe gora ranar tafiya Alhaji, ku tura mutum da rana tsaka ya je ya ga ƙofar imajensi ɗin da idonsa, ta wane get ake shiga da dare, ina ake yankar kati, sannan a samu masu mota ko keke uku huɗu a layin da suka yarda a tashe su, a rubuta lambobinsu a jikin bangon masallaci. Ku kuma leƙa cibiyar lafiya ta gwamnati da ke mazaɓarku, wasu daga cikinsu suna kwana a buɗe musamman saboda haihuwa. Kowace mazaɓa tana da kwamitin lafiya, kuma abin da ke damuna shi ne da wuya ka ga Bahaushe a zaune a ciki duk yawanmu a Agege, to ta fadar Sarkin Hausawa a nemi kujera, a je wa shugaban ƙaramar hukuma da buƙata a rubuce cewa a ƙara ma'aikatan dare a cibiyar. A tambaye su kuma maganar kuɗin gaggawa, domin ita wannan dokar ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun lafiya a matakin farko, kashi 5 cikin 100 na asusun kuma na kula da gaggawa ne, da shi aka kafa tsarin NEMSAS na motocin asibiti da kula da gaggawa da ya fara a Abuja a 2022 wanda aka tsara ya ɗauki nauyin awa 48 na farko. Haƙƙinku ne ku ji wane asibiti a yankinku ke cikin tsarin.

TAMBAYA: Anti Sista ina wuni. Ni matar aure ce a wajen Mile 12. Kwanaki ƙanina ya yanke a hannu da wuƙar yankan albasa muka kai shi wani babban asibiti wajen sha ɗayan dare, muka zauna har kusan ƙarfe biyu, sai ga wasu sun zo bayanmu aka wuce da su ciki a guje. Ni dai na ga kamar don mu Hausawa ne ba ma jin Yarbanci. Wata maƙwabciyata kuma aka ce mata babu gado. Ya mutum zai yi?

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa, ya mai jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan ce miki ba a taɓa wulaƙanta mutum saboda yare ba, ana yi kuma ba daidai ba ne. Amma abin da kika kwatanta ya fi kama da yadda ɗakin imajensi yake aiki a ko'ina, ba layin banki ba ne da ake bin wanda ya riga zuwa, ana tantancewa ne a ga wa mutuwa ta fi kusa da shi. Wurare da yawa launi suke sakawa, ja na wanda ba zai iya jira ba ko na minti biyar, rawaya na wanda zai ɗan jure, kore na wanda zai iya zama. Yankan da aka ɗaure jini ya tsaya zai jira, wanda aka wuce da shi a guje wataƙila numfashinsa ne ke ɗaukewa.

Abin da za ki riƙe shi ne maganar farko da kika faɗa wa nas ɗin bakin ƙofa ita ce ke yanke inda za a ajiye ku. Mu kuma mun saba da kunya da kawaici, a tambayi mutum yana mutuwa yace da sauƙi. A wannan wurin kam ban da da sauƙi. Ki faɗi mafi munin abin kai tsaye, jini ya jiƙa zani biyu, ya suma sau ɗaya a hanya, tun la'asar bai yi fitsari ba, ba ya gane mutane. In kuna zaune jikin ya canja a tashi a sake faɗa, kar a ce ai sun gan mu. Kuma a tafi da wanda ke jin Turanci ko buroka ko Yarbanci, ko yaron makaranta ne, a ɗauki kwalayen magungunan da mara lafiya ke sha a leda.

Babu gado kuwa sau da yawa gaskiya ce, wani lokacin ma gadon na nan nas ɗin da za ta kula da shi ce babu. Amma ko babu gado kar ku juya haka kawai. Ku roƙa likita ya fito ya duba shi ko a cikin mota ne, a yi abin da zai riƙe shi a hanya, a ba ku takarda, a faɗa muku takamaiman asibitin da za ku, don yawo daga wannan get zuwa wancan cikin dare shi ne ke ƙarasa mutane. Ku na Mile 12 da Ketu, Janar na Gbagada ne kusa da ku, can kuma akwai sashen masu ƙuna, in hatsarin mota ne ga cibiyar hatsari da gaggawa ta jiha a tsohon Tolget, karaya kuma asibitin ƙashi na Igbobi. In asibiti ya ce ba zai taɓa mai halin gaggawa ba sai an ajiye kuɗi, ki rubuta rana da lokaci, hukumar HEFAMAA ce ke sa ido kan asibitoci a jihar nan kuma tana karɓar ƙorafi.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni maigadi ne a wajen Apapa. In na ga wanda aka harba ko mota ta buge da dare tsoro nake in ɗauke shi, kar 'yan sanda su ce ni ne. Kuma an ce asibiti ba sa karɓa sai da takardar 'yan sanda.

AMSA: Barka dai ƙanena, tsoronka yana da dalili, mutane da yawa sun sha wahala a kan haka shi ya sa ma aka yi doka. Tun ƙarshen 2017 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara masa magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani, kuma dokar ta ce wanda ya taimaka ya kawo a mutunta shi kar a tsare shi da tambayoyin cin fuska.

Abin da zan ba ka shawara, fara kiran 112 ko 767, kyauta ne ko ba kati a wayarka, su ne ke turo motar asibiti ta LASAMBUS. Ka faɗi sunan bas-sitof mafi kusa da wata alama da kowa ya sani, gidan mai ko banki ko masallaci, ka tura wani bakin titi da tocila ya tare su. Kiran nan kansa shaida ce a gare ka. Kafin su iso ka samu tsumma mai tsabta ka danne inda jini ke fita da ƙarfinka kar ka riƙa ɗagawa kana leƙawa, kar a ba shi ruwa ya sha, wanda mota ta buge kuma kar a ja shi ta hannu ko a naɗe shi a keke wuya na lilo, in dole sai an matsar da shi mutum uku ko huɗu su ɗaga shi a miƙe ɗaya na riƙe da kai. Ka kira oganka ko wani maƙwabci ya tsaya tare da kai, kar ka kasance kai kaɗai.

TAMBAYA: Sista dan Allah a taƙaice, wane ciwo ne ba a jira da shi sai safe? Maigida yakan ce a bari gari ya waye. Daga uwar yara huɗu, Idi-Araba.

AMSA: Maman yara ki karanta wa maigida wannan da kyau. Mai ciki in ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jijjiga, ko ta daina jin motsin ɗa, ba a kwana da ita a gida. Jaririn da bai kai wata uku ba in jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi kama nono, a tafi. Yaron da ke numfashi da sauri ƙirji na lotsawa, ko gudawa da amai har ido ya faɗa ba ya iya shan komai, ko jijjigar da ta wuce minti biyar, a tafi, kuma lokacin jijjigar a kwantar da shi ta gefe, ban da cusa cokali a baki, ban da ɗura manja ko wani jiƙo. Babba kuma in baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta harɗe, ko ƙirji ya riƙe yana gumi, wannan minti ake ƙirgawa, haka mai sikila da zazzaɓi ya haɗu masa da ciwon ƙirji. Ku ga LUTH nan a bayan gidanku, ga Janar na Mushin, ga asibitin Randle a Surulere, ba ku da uzurin nisa.

Na san sau da yawa a bari gari ya waye ɗin nan maganar aljihu ce ba taurin kai ba. To ku je ku yi rajistar inshorar Ilera Eko da hukumar LASHMA ke gudanarwa, ta duk mazaunin Legas ce ba sai ɗan asalin jiha ba, akwai ta mutum ɗaya akwai ta iyali, kuma tun Yulin 2024 gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu kan umarnin da ya wajabta ta. Wajen zaɓen asibitin da za a rubuta muku a kati ki tambaye su ƙarara ko likita na kwana a wurin, in sun ce kiran sa ake yi a waya ki tambayi minti nawa yake ɗauka kafin ya iso.